Jawabin Maraba ga Mai Girma Bishop Matthew Hassan Kukah

Mai Girma Babanmu Bishop, Fada-Fada da Sistoci, iyayen ƙasa, iyayen yara, malamai da ɗalibai, muna gaishe ku duka. Baba, barka da zuwa, sannu da hanya. Mu malamai da hukumar wannan makaranta mun ji daɗin wannan ziyara ƙwarai.

Ranka ya daɗe, an haife ka a Anchuna ta ƙasar Zangon Kataf a 1952. Ka bi ta ƙaramar seminari (makarantar horar da masu son zama Fada) ta St. Joseph a Zariya, ka wuce babbar seminari ta St. Augustine a Jos, aka naɗa ka Fada a 1976, sannan Bishop na Sakkwato a 2011. Duniya ta san ka a kwamitin Oputa na binciken take haƙƙin ɗan Adam da aka kafa a 1999, da zaman sasanta Ogoni da kamfanin Shell, da Kwamitin Zaman Lafiya na Ƙasa wanda Janar Abdulsalami Abubakar ke jagoranta. Mu da muke aikin tarbiyya, in muka dubi wannan tarihi, makarantar kwana muke hangowa a bayansa.

A irin waɗannan makarantu ƙararrawa ce sarki. Ana kaɗa ta tun kafin gari ya waye, yaro ya tashi ya gyara gado, ya yi wanka da ruwan da ya ɗebo tun daren jiya, ya shiga coci yin Mas kafin karin kumallo. Da yamma kowa ya ɗauki langalanga ko tsintsiya ya nufi yankinsa, ɗan sarki da ɗan manomi duk ɗaya. Wanda ya shekara biyar haka ba ya iya barin mutane suna jiransa a taro.

Amma mu a ganinmu teburin cin abinci ya fi ƙararrawa aiki. Yara takwas ko goma ne a kan tukunya ɗaya, ɗaya daga cikinsu ke rabo, kuma shi ke ɗauka a ƙarshe. In ya cika wa abokinsa kwano, nasa ne zai ragu, idon kowa kuma na kan ludayin. Sati mai zuwa rabon ya koma hannun wani. Nan yaro ke fara sanin cewa abin jama'a amana ne. Sai kuma dare: bayan addu'a ana yin shiru, kowa ya bincika zuciyarsa, wa na ɓata wa yau, ina na yi ƙarya. Mutumin da ya saba tuhumar kansa kowane dare shi ke iya zama ya saurari wanda aka zalunta har ya gama, ya kuma faɗa wa mai mulki gaskiya ido da ido.

Ba za mu ɓoye inda tsarin ke lalacewa ba. In bulala ta yi yawa, yaro yakan koyi ladabin kura: natsuwa gaban Fada, ɓarna bayan idonsa. In aka sakar wa manyan ɗalibai ɗakin kwana ba malami a kusa, horo ya koma zalunci, ƙanana su riƙa wanke wa manya kaya suna kwana da yunwa. In kuma aka matsa wa yaron Musulmi a kan ibadarsa, an ci amanar iyayen da suka kawo shi, shi ya sa muke ware masa lokaci da wurin salla.

Duk wannan gyara sai da malaman da ke kwana cikin makaranta. Don haka, Baba, kukanmu biyu ne: a taimaka mana da gidajen malamai kusa da ɗakunan kwanan yara, da rijiyar burtsatse, don kada neman ruwa ya ci lokacin karatun dare. Yanzu muna roƙon ka taso ka yi wa yaran nan magana, ka sa musu albarka.