Mako Guda a Jirgin Ruwan Shaƙatawa: Abin da Za Ka Tarar a Ciki

[Hoto: farin jirgi mai benaye yana fita daga tasha]

Jama'a masu kallo, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Wannan jirgin da kuke gani sunansa Icon of the Seas. A garin Turku na ƙasar Finlan aka ƙera shi, ya fara ɗaukar fasinja daga Mayami ta Amurka a watan Janairun 2024. Tsawonsa mita 365, hawa 20 gare shi. Idan ya cika maƙil yana ɗaukar fasinja 7,600, ban da ma'aikata 2,350.

Duk wannan taron ba fatauci za su ba, ba kuma ziyarar dangi ba. Jirgin zai yi mako yana zagaye da su, yau wannan gari, gobe wancan tsibiri, sannan ya maido su tashar da ya ɗauke su. A cikinsa za su kwana, a cikinsa za su ci. Waɗanda suka bi gasar cin kofin duniya ta Katar a 2022 sun ga irinsa: MSC World Europa, wanda aka ajiye a tashar Doha ya zama masaukin ƴan kallo.

Mu a Nijar ba mu da gaɓar teku, Kwatano da Lome kuma galibi tashoshin kaya ne. Saboda haka tafiyar daga filin jirgin sama na Diori Hamani take farawa. Manyan wuraren hawa jirgin ruwan su ne Marsai, Barsalona da Jenowa a tekun Bahar Rum, sai Dubai, sai Durban ta Afirka ta Kudu. Tun Disambar 2024 kuma akwai jirgin Saudiyya mai suna AROYA da ya fara tashi daga Jidda.

Kafin ka biya ko dala, duba takardunka. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida a kansa. Biza kuma ta kowace ƙasa da jirgin zai tsaya ake nema, ko da kana da niyyar zama a ɗakinka ranar. Idan zagayen zai fita daga yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, ya taɓa Tunis ko Turkiyya ya dawo, to bizar shiga sau ɗaya ba ta isa ba. Mai fasfon Nijar ya fara wannan neman da wuri, musamman tun da ofishin jakadancin Faransa ya rufe a Yamai a farkon 2024. Wanda aka hana shi hawa saboda biza, da wuya a maida masa kuɗinsa. Mace mai cikin da ya kai mako 24 da jaririn da bai kai wata shida ba, yawancin kamfanoni ba sa ɗaukarsu.

[Hoto: layin fasinja, ana saka jakunkuna a na'urar bincike]

Ranar hawa za a karɓi manyan jakunkunanka a bakin tasha, ba za ka sake ganinsu ba sai da yamma a ƙofar ɗakinka. Ana bincikensu kamar na filin jirgin sama, abin da aka fi nema kuwa shi ne duk mai iya tada gobara: dutsen guga, kyandir, butar lantarki. Hajiya, kaskon turaren wuta ya zauna a gida. Masu shayi, haka murhu da gawayi. Kilishi ma, in ta Turai za ka bi, dokarsu ta hana shiga da nama daga waje.

Daga nan za a ɗauki hotonka a ba ka wani ɗan kati. Ka riƙe shi da kyau. Shi ne makullin ɗakinka, shi ne shaidarka a ƙofar fita da shiga, shi ne kuma aljihunka, don a cikin jirgi ba a miƙa tsabar kuɗi. Ana haɗa shi da katin bankinka, ko ka ajiye kuɗi a ofishin karɓar baƙi, duk abin da ka saya a rubuta a kansa. Za mu dawo kan wannan, domin nan ne mutane suka fi ƙonewa.

Kafin jirgi ya ɗaga, dole kowa ya san wurin taruwarsa idan hatsari ya faru. Lambar wurin tana kan katin nan da bayan ƙofar ɗaki. Wannan doka da jini aka rubuta ta. A 1912 Titanic ya nitse da mutum sama da 1,500, kwale-kwalen ceton da ke kansa kusan rabin jama'ar kawai za su iya ɗauka. Daga nan aka samar da yarjejeniyar SOLAS ta kare rayuka a teku a 1914. Shekara ɗari bayan Titanic, a Janairun 2012, Costa Concordia ya daki dutse kusa da tsibirin Jiliyo na Italiya, mutum 32 suka rasu, kuma ɗaruruwan da suka hau a ranar ba a riga an nuna musu inda za su taru ba. Shi ya sa tun 2015 ake yin atisayen taruwa kafin tashi ko da zarar an tashi. Alamar hatsari ita ce ƙaho gajere sau bakwai, dogo sau ɗaya. Wanda ya laɓe a ɗaki za a neme shi da suna.

Ɗakuna iri huɗu ne. Na ciki, wanda ba shi da taga ko ɗaya, shi ne mafi araha. Sai mai tagar da ba ta buɗuwa, sai mai ɗan baranda, sai manyan na masu hali. Na ciki ƙarami ne, gado da kabad da bayi, kuma in an kashe fitila ba ka sanin dare ko rana, don haka mai son samun Asuba ya saita ƙararrawar wayarsa. A ganina, wanda wannan ne karonsa na farko kuma kuɗin a ƙirge suke, ya ɗauki na ciki a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa-ƙasa. Nan ne rawar jirgi ta fi sauƙi, kuma barci kaɗai zai kai ka ɗakin.

Maganar rawar jirgi, tana nan amma ba kamar yadda ake tsoro ba. A ƙarƙashin ruwa, gefe da gefe, akwai wasu fikafikan ƙarfe da ake fitarwa idan igiya ta tashi, su rage tangaɗi. Wasu duk da haka sai jiri da tashin zuciya sun kama su. Citta tana taimakawa, haka fita a sha iska a zuba wa nesa ido, akwai kuma ƙwayoyin da ake sha tun kafin abin ya fara.

Gudunsa wajen kilomita 40 ne a awa. Amma da yake da dare yake yawancin tafiyarsa, in ya tashi ƙarfe shida na yamma ya isa takwas na safe, ya ci kusan kilomita 550, wato kamar daga Yamai zuwa Tawa, kai kuma kana barci.

[Hoto: ɗakin cin abinci, dogayen tebura cike da kwanuka]

Abinci na cikin kuɗin tikiti. Akwai babban zaure inda kowa ke ɗibar abin da yake so, kusan tun safe har dare, akwai kuma inda ake zama a kawo maka. Matsalarmu a nan naman alade ne da giyar da ake zubawa a wasu miya da kayan zaƙi. Yawancin kamfanoni suna karɓar buƙatar abincin halal, amma sai an sanar da su makonni kafin tafiya, ba ranar da ka zauna a tebur ba. In ba ka yi haka ba, kifi, ƙwai, shinkafa, taliya da ganye sun ishe ka, ka kuma riƙa tambayar mai raba abincin me ke ciki. A ƙofar zauren za ka ga ma'aikaci yana matsa wa kowa ya wanke hannu. Kar ka ga kamar rainin hankali ne. Akwai wata cutar amai da gudawa da in ta shiga wurin da dubban mutane ke taɓa cokali ɗaya, kafin kwana biyu ta zagaye.

Ruwan famfon kuwa daga tekun ake ɗebo shi, a tace gishirin ta hanyar matsa shi cikin wasu siraran matatai, ko a dafa shi da zafin injin a tara tururin. Ana sha. Bayin irin na jirgin sama ne, da iska yake zuƙewa, kuma abu kaɗan ke toshe shi har ya shafi maƙwabta. Ba a ajiye buta, ka saka ƙaramar ta roba a jakarka.

Sai salla. In ban da jirage irin na Jidda da aka shirya domin Musulmi, da wuya ka sami masallaci, ɗakinka ne masallacinka. Alƙibla kuma ba ta zama wuri ɗaya, tunda jirgi na juyawa: inda ka fuskanta da Azahar ba lallai nan ne da La'asar ba. Talabijin ɗin ɗaki na da tasha mai nuna taswira, inda jirgin yake da inda ya dosa, da ita za ka gane alƙibla. Kamfas ɗin waya yakan rikice saboda ƙarfen da ya kewaye ka. Lokutan salla ma suna sauyawa daga tasha zuwa tasha. Hukuncin ƙasaru, da na mutumin da jirgi ya juya da shi yana tsakiyar salla, malamai sun yi bayaninsu tun da daɗewa, ka zauna da malaminka kafin ka tashi.

Abubuwan nishaɗi ba sai an tsaya lissafi ba: wuraren ninƙaya, wasan kwaikwayo da dare, filin motsa jiki, sashen yara da masu kula da su. Akwai mashaya da gidan caca, kuma sau da yawa ta tsakiyarsu hanya ta bi, amma ba mai tilasta maka tsayawa. Ka tafi da rigar sanyi, na'urar sanyaya ɗaki ba ta hutawa.

[Hoto: jirgi a bakin tasha, mutane na sauka]

Ranar da aka tsaya a gari, kana da zaɓi biyu: ka sayi yawon da kamfanin ya shirya, ko ka fita da kanka. Na kamfani ya fi tsada, amma in motarsu ta makara jirgi zai jira. In kai kaɗai ka fita ka makara, sai dai ka hango bayansa, kuma kuɗin bin sa zuwa tasha ta gaba daga aljihunka ne. Lokacin dawowa na rubuce a bakin ƙofa, da agogon jirgi ake aiki, wanda wani lokaci yakan bambanta da na garin. A nan babu "ga ni nan tafe". Ka dawo da saura awa guda.

To, mu koma kan katin nan. Abin da tikiti bai ƙunsa ba yana da yawa: lemun kwalba, a wasu jiragen har ruwan gora, intanet, wankin kaya, gidajen abinci na musamman, hotunan da ake ɗaukarka. Ga kuma ladan hidima da yawancin kamfanoni ke cirewa kowace rana a kan kowane mutum, ba tare da sun tambaye ka ba. Mu ce yuro 12 ne. Kai da maiɗakinka, kwana bakwai, yuro 168 ke nan, wajen jika 110 na sefa, ba ku sha ko lemu ɗaya ba. Ka tambaya tun wurin sayen tikiti ko an riga an saka shi a ciki. Ni dai ban ga laifin kuɗin ba idan ka dubi masu aikin. Da yawansu ƴan Filifin ne, da Indonesiya da Indiya, suna yin wata shida zuwa tara a kan ruwa, aiki kullum, ba su ga iyalinsu ba. Abin da ba shi da daɗi shi ne mutum ya fara jin labarinsa ranar sauka.

Waya ma tarko ce. A tsakiyar teku layinka zai iya kama hanyar sadarwar jirgin, wadda ta tauraron ɗan'adam take bi, kuɗinta kuma ba kama hannun yaro. Ka sa ta a yanayin jirgin sama, ka kira gida ta WhatsApp da intanet ɗin da ka saya, ko ka bari sai an tsaya a gari. Akwai likita da ƙaramin asibiti a ciki, amma biya ake yi, da tsada. Ka yi inshorar tafiya, mai hawan jini ko ciwon suga kuma ya riƙe maganinsa a jakar hannu, har da ƙari.

Daren ƙarshe za a ce kowa ya ajiye manyan jakunkunansa a bakin ƙofa kafin ya kwanta. Ka ware fasfo, magani da kayan da za ka sa da safe. A daren ne kuma za ka duba lissafin katinka a talabijin ko a waya, layi-layi. In ka ga abin da ba ka saya ba, je ofishin karɓar baƙi tun kana ciki, don bayan ka sauka sai dai wasiƙa. Sauka tana ɗaukar awanni, rukuni-rukuni ake kira, saboda haka tikitin jirgin saman da zai dawo da kai Yamai kar ya zama na safe, ka nemi na bayan Azahar.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.