Shin azumin awa 16 yana wanke jijiyoyin jini?

[Hoto: waya a hannu, saƙon murya a WhatsApp]

Jama'ar Damagaram, na san saƙon nan ya iso ku: wai ka bar abinci awa 16, otofaji, wato sharar da ƙwayoyin jiki ke yi wa kansu, ya kankare maka kitsen da ya toshe jijiya. Ku dakata tukuna.

[Hoto: zanen jijiya a tsage]

Ku dubi shimfiɗar nan ta ciki. Ƙwayoyin halitta ne, layi ɗaya tak, jini na gudu a kansu dare da rana. Otofaji cikin kowace ƙwaya yake aukuwa, ba a hanyar da jini ke bi ba. Nan aka yi ɓatan kai.

[Hoto: masu ƙera tukwane bakin wuta]

Ƙwayar kan tattara kayanta da suka lalace, ta ƙunshe su a ƴar jaka, ta kai wa lisozom, wato ma'aikatar narkarwa da ke cikinta, ya narkar, ta sake mora, kamar yadda bayin Allahn nan ke narka tsoffin gwangwanaye su fito da tukunya. Yoshinori Ohsumi na Japan ya gano sirrin aikin a cikin yis, ya samu kyautar Nobel a 2016.

[Hoto: jini na gudana, a hankali]

To, ga inda abin yake burge ni. Ƙwayoyin shimfiɗar jijiyar nan, iskar oksijin na wucewa ta kansu kullum, amma kusan kashi 85 cikin 100 na ƙarfinsu daga farfasa sukari suke samunsa, ba tare da ita ba. Da masu bincike suka tsayar da otofaji a cikinsu, sai shigar sukari ta ragu, ƙarfi ya ragu, suka kasa fitar da isasshen naitirik oksaid, iskar da ke sa jijiya ta saki jiki ta buɗe. Jijiyar da ta ƙi buɗewa kuwa, hanyar hawan jini ke nan.

Me ke tayar da otofajin? Yunwa na tayar da shi, gaskiya ne. Amma gogar da jini ke yi wa ƙwayoyin shimfiɗar ita ma tana tayar da shi.

[Hoto: masu tafiya a ƙasa daga Birni zuwa kasuwar Dole, da sanyin safiya]

Shi ya sa ni dai na fi yarda da sassarfa, tun da tana ƙara gudun jini, kabu-kabu ya jira wata rana. Mai ciwon sukari ko mai shan maganin hawan jini kuma, don Allah kada ka bar abinci ko magani saboda saƙon murya. Fara ganin likita.