Darasin Lafiya: Abin da Ke Ɓata Man Suya, Shi Ke Ɓata Kitsen Jiki

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Darasinmu na yau daga bakin murhu zai fara.

Uwargida, kin san man gyaɗan nan da aka soya ƙosai da shi shekaranjiya, jiya aka soya awara, yau kuma ana shirin jefa dankali. Dubi launinsa, ya tashi daga ruwan zuma ya doshi baƙi. Yana kumfa a gefen kasko, yana danƙo a jikin matsami, wanda ya ci suyar kuma sai ya ji maƙaƙi a maƙogwaro. Haka ƙuli-ƙulin da ya daɗe a leda, kina buɗewa warin tsohon mai zai buge ki. To ba komai ya jawo wannan ba sai iskar oksijin, wadda muke shaƙa mu rayu. Ita ce ke sa ƙarfe tsatsa, ita ce ke cin mai, zafi da hasken rana kuma suna ƙara mata gudu.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, irin wannan lalacewar tana faruwa a cikin jikinmu. Kowace ƙwayar halitta a jikin ɗan Adam an lulluɓe ta da wani siririn tantani, kuma da kitse aka yi shi. Ƙwaƙwalwa ma, in aka cire ruwan da ke cikinta, wajen rabinta kitse ne. Saboda haka in na ce kitse, kada hankalinku ya tafi kan teɓa kawai. Siririn mutum ma yana da shi.

Yayin da jiki ke ƙona abinci don samar da ƙarfi, akan samu wasu ɓarɓashi marasa natsuwa, likitoci na ce musu firi radikal. Kowannensu yana da giɓin ƙwayar lantarki guda, don haka sai ya fizgo daga abin da ke kusa da shi. In ya fizga daga kitsen tantanin nan, shi ma kitsen ya zama mai giɓi, ya haɗu da oksijin, ya fizgi na maƙwabcinsa. Mu Kanawa mun san gobarar kasuwa, Allah Ya kiyaye: rumfa ɗaya ce ke kamawa, ta miƙa wa ta kusa. Haka abin yake tafiya har tantanin ya yi rauni ya fara yoyo. Tokar da gobarar ke bari kuma, irin sinadarin da ake kira MDA, tana manne wa furotin da ƙwayoyin gado ta ɓata su.

Inda abin ya fi damuna shi ne jijiyoyin jini. Akwai kolestarol, wato wani nau'in kitse da ke yawo a cikin jini, irin wanda ake kira LDL, wanda za ku gani a takardar gwaji. A shekarar 1989, wani masanin bincike mai suna Daniel Steinberg da abokan aikinsa a Kalifoniya ta Amurka suka fitar da bayanin cewa LDL ya fi yin ɓarna in oksijin ta lalata shi. Idan ya maƙale a bangon jijiya ya lalace, sojojin jiki sai su ɗauke shi baƙo, su yi ta haɗiyarsa har su kumbura su mutu a wurin. Shekara da shekaru ana tara wannan dattin, hanya tana tsukewa. Ranar da tarin ya fashe jini ya daskare a kansa, sai a ji an kwashi bawan Allah zuwa asibiti da bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, 'yan uwa suna cewa ai jiya lafiyarsa ƙalau.

Me ke rura wutar? Taba sigari da shisha su ne kan gaba. Sai hayaƙin itace a rufaffen kicin, hayaƙin janareto, da ciwon sukarin da ba a kula da shi ba.

Amma Allah bai bar mu haka ba. Bitamin E, wanda aka gano a 1922, a cikin tantanin yake zaune, shi ke tare wutar ya yanke mata hanya. In ya gaji, bitamin C ya farfaɗo da shi ya koma bakin aiki. Na farkon yana cikin gyaɗa da man gyaɗa mai kyau da manja. Na biyun kuwa ku leƙa kasuwar Yankaba ko ta 'Yan Lemo a Kano: gwaba, lemo, tattasai, tumatir, ga zogale, ga garin ƙwallon kuka. Nan zan roƙi iyayenmu mata, a daina toya manja har sai ya yi fari yana hayaƙi. Jan nan da kuke korewa shi ne amfaninsa.

Wani zai ce to bari in je kemis in sayi ƙwayoyin bitamin in huta. Dakata, Malam. A ƙasar Finlan an gwada wa maza masu shan taba su kimanin 29,000, sakamakon ya fito a 1994. Waɗanda aka bai wa ƙwayar beta-karotin, wato sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, cutar dajin huhu ta ƙaru a cikinsu da kashi 18 cikin 100. Ƙwaya ba ta maye gurbin abinci, kuma ba ta wanke hayaƙin taba. In ba likita ne ya rubuta maka ba, kai kuɗin wajen mai kayan miya.

Mu koma kan kaskonmu, domin wani ɓangare na gurɓataccen man nan yana bin suyar ya shiga ciki. Na san mai ya yi tsada, kuma baiwar Allah da ke suyar ƙosai a bakin titi ba za ta iya zubar da shi kullum ba, da shi take ciyar da 'ya'ya. Abin da za a iya shi ne a zuba daidai buƙata, kada a bar wuta ta yi yawa har ya yi hayaƙi. In an gama a bar shi ya huce, a tace ɓurɓushin, a rufe a ajiye a inuwa, ba cikin kaskon ƙarfe ba, don ƙarfe yana hanzarta lalacewarsa. Ranar da ya yi baƙi yana kumfa, ya gama aiki, kuma ƙara masa sabo ba ya gyara shi, sabon ne zai lalace. Maigida, kai ma in za ka sayo mai, ka tsallake gorar da ta wuni a rana a gefen titi, ka shiga cikin shago ka karɓi wadda ke inuwa, ka buɗe ka sansana kafin ka biya.