Amsoshin Tambayoyinku: Kwamfutar gwamnati, albashi da lambar sirri

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku daga nan Kaduna garin gwamna. Wasiƙun wannan mako kamar an haɗa baki, duk a kan na'urorin da gwamnati ke aiki da su ne.

Ta farko daga Barnawa take, wani ma'aikacin gwamnatin tarayya ne ya rubuto. Yana cewa: "Tunda an ce yanzu kwamfuta ce ke biyan albashi, me ya sa har gobe ake maganar ma'aikatan bogi?"

To Malam, tsarin da kake nufi shi ne IPPIS, wanda aka fara a 2007, yana kuma hannun ofishin Akanta Janar na Tarayya. Manufarsa a tara sunan kowane ma'aikaci wuri guda, da hotonsa da zanen yatsunsa, albashi ya faɗa asusunsa kai tsaye ba tare da ya bi ta hannun kashiya ba. Tsakani da Allah irin wannan tantancewa ta yi rana. A watan Fabrairun 2016 ma'aikatar kuɗi, lokacin Kemi Adeosun na minista, ta sanar da cire sunaye 23,846 daga takardar albashi, abin da ya rage wa gwamnati sama da naira biliyan 2 a kowane wata. Lambar BVN ce ta tona asirin, domin sai aka riƙa ganin mutum ɗaya yana kwasar albashin mutane da dama.

Sai dai fa kwamfuta abin da aka ba ta shi take haɗiya. Ma'aikaci ya rasu, babu wanda ya kai takarda, to ita ba ta je jana'iza ba, za ta ci gaba da biya. Kuma akwai ɗan Adam da ke zaune yana shigar da sunayen nan. Na taɓa shiga wani ofis na tarar da lambar sirrin shiga na'ura rubuce a guntuwar takarda, an manna ta da salatif a gefen allon kwamfutar, ma'aikatan ɗakin kowa da ita yake shiga. Yanzu idan aka cusa sunan bogi da tsakar rana, wa za ka kama? Kowa zai rantse ba shi ba ne, na'urar ma ba za ta iya bambance su ba.

A ganina nan gizo ke saƙar. Mun iya sayen kaya, a ba da kwangila, a yanka kirtani, a ɗauki hoto. Amma kuɗin sabunta manhaja, da horar da ma'aikata, da man janareta, da albashin da zai riƙe ƙwararren yaro kada banki ya ɗauke shi, su ne ake fara zaftarewa a kasafi. Don rage ɓarnar ne ma aka wajabta wa ma'aikatun tarayya su nemi sahalewar hukumar NITDA, mai kula da bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, kafin su fara aikin kwamfuta. Kuma kada ka zaci ciwon namu ne mu kaɗai. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutocin asibitocin gwamnati a Ingila, dubban marasa lafiya suka rasa ganin likita, alhali kamfanin Microsoft ya fitar da maganin matsalar tun watan Maris. Sakawa ce kawai ba a yi ba.

Sai wani Alhaji mai shagon atamfa a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, yana tambaya ko harajin tsaron intanet ne ake yanka masa duk sanda kuɗi suka motsa a asusunsa.

Alhaji, Allah ya ƙara kasuwa. Wancan harajin a watan Mayun 2024 Babban Banki ya umarci bankuna su fara cire shi, rabin kashi ɗaya cikin ɗari, wato naira 500 a kan kowace 100,000, bisa gyaran da aka yi wa dokar laifukan intanet ta 2015. Jama'a suka yi ca, Shugaba Tinubu ya dakatar, bankin ya janye takardarsa. Naira 50 da kake gani idan kuɗin sun kai 10,000, wannan wani haraji ne daban.

Ta ƙarshe, wata uwargida daga Rigasa. Ta ce wani ya kira ta, ya faɗi cikakken sunanta da ranar haihuwarta, ya ce sunanta ya fito a tallafin gwamnati, ta karanto masa lambar da za ta shigo wayarta. Allah ya taimake ta, ta katse kiran. Tana tambaya, a ina ya samo bayananta?

Hajiya, kin yi dabara. Waccan lambar ita ce makullin asusunki, da kin karanta da an yashe shi kafin ki sauke tukunya. Ƙofofin da bayanai ke zurarewa kuwa suna da yawa: fom ɗin tallafin ƙarya da ake yaɗawa a WhatsApp, kwafin takardar NIN da ake bari a shagon masu hoton takardu, wayar da aka sace da layinta a ciki. A 2024 ma an bankaɗo shafukan intanet da ke sayar da bayanan NIN a kan kuɗi ƙalilan, kodayake hukumar NIMC mai ba da lambar NIN ta ce ba a fasa rumbunta ba. Tun watan Yunin 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ce duk ma'aikata ko kamfanin da bayanan mutane suka zube a hannunsa ta yadda za a iya cutar da su, dole ya sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72.

Ke dai gobe da safe ki je reshen bankinki da kanki, ki faɗa musu abin da ya faru, ki sauya lambar sirrin katinki, ki kuma sa a ɗora wa layinki lambar kulle. Lambar da ya kira ki da ita kada ki goge, ki tafi musu da ita.