Lacca: Joshuwa da Gibeyonawa, alkawarin da aka karɓa da wayo

To 'yan'uwa, salama a gare ku, ku buɗe mana Joshuwa sura 9 da ta 10. Mutanen Gibeyon sun ji abin da ya sami Yariko da Ai, tsoro ya kama su, sai suka haɗa dabara, suka sa tsummoki da takalma duk faci, suka ɗauko busasshiyar gurasa har ta yi fumfuna, suka zo sansani a Gilgal wai daga ƙasa mai nisa suke, a yi musu alkawarin zaman lafiya. Shugabannin Isra'ila suka duba guzurin, ba su tambayi Ubangiji ba, suka rantse. Kwana 3 kacal asiri ya tonu, ashe maƙwabta ne. Jama'a suka yi ta gunaguni, shugabanni suka ce mun riga mun rantse da sunan Ubangiji, ba mai taɓa su, sai dai su zama masu saro itace da ɗebo ruwa.

Amma inda nake so ku tsaya da ni shi ne sura 10, wannan wurin yana taɓa ni ƙwarai. Adonizedek sarkin Urushalima ya tara sarakunan Hebron da Yarmut da Lakish da Eglon, su 5 kenan, suka kewaye Gibeyon don ta yi sulhu da Isra'ila. Ku duba fa, rantsuwar da aka yi ita ce ba za mu kashe ku ba, da Joshuwa ya naɗe hannu ya bar sarakunan nan su gama da mutanen da suka cuce shi, wa zai ce ya karya alkawari? Amma saƙon neman taimako daga Gibeyon na zuwa ya tashi, dare guda suna hawa daga kwarin Urdun har kan tuddai, suka auka musu ba zato. Ƙanƙarar da ta zubo a gangaren Bet-horon ta kashe fiye da takobi, kuma ranar ce rana ta tsaya a kan Gibeyon, saboda maƙaryatan nan fa!

Shekaru aru-aru bayan haka Saul ya karkashe Gibeyonawa wai kishin Isra'ila yake. 2 Sama'ila 21 ta ce aka yi yunwa shekara 3 a jere zamanin Dauda saboda wannan kisan. Gibeyonawa suka ƙi azurfa da zinariya, suka nemi maza 7 daga gidan Saul, aka ba su suka kashe, Rizfa kuwa, uwar biyu daga cikinsu, ta shimfiɗa tsumma a kan dutse tana korar tsuntsaye daga gawawwakin da rana, namun daji da dare, tun farkon girbin sha'ir har ruwa ya sauko.