Amsoshin tambayoyinku: wai an zuba kuɗi don jiki ya koma yin insulin da kansa?

Assalamu alaikum jama'a masu saurare, barkanmu da warhaka, da fatan an dawo daga gona lafiya. Saƙonnin wannan makon kusan duk sun taru ne a kan abu ɗaya, ciwon suga na yara, shi ya sa yau ba za mu taɓa komai ba sai shi.

Na farko daga wata uwa ce a wani ƙauye kusa da Ringim, ƙaninta ne ya rubuta mata. Ta ce ɗanta shekararsa 9, yau shekara biyu kenan ana masa allurar insulin safe da yamma, to sai ta ji a waya wai Turawa sun zuba maƙudan kuɗi an gano yadda jiki zai koma yin insulin ɗin da kansa, shin gaskiya ne, in gaskiya ne ina za ta kai shi.

Toh Maman yaro, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba shi lafiya ya saka miki. Abin da kika ji akwai gaskiya a ciki, kuɗin an zuba, binciken ana yi, har an samu mutane 'yan kaɗan da suka ajiye allura a wajen gwaji. Amma ba a kai inda za ki ɗauki yaro ki kai shi asibiti a yi masa ba, ba a Kano ba, ba a Abuja ba, ko a can Amurka ma ba kowa ake wa ba. Bari in warware miki dalili.

A bayan tumbi akwai wata gaɓa da likitoci ke kira fankiriyas, a cikinta akwai wasu 'yan ƙwayoyin halitta da ake kira beta, su ke yin insulin, shi kuma insulin shi ke buɗe wa suga hanya ya bar jini ya shiga tsoka ya zama ƙarfi. A irin ciwon ɗanki, wanda ake ce wa nau'i na ɗaya, garkuwar jikinsa ce da kanta ta rikice ta far wa waɗannan ƙwayoyin ta cinye su. Ki ɗauka kamar lambu ne akuyar gida ta shiga ta cinye shukar tas. Kin ga aiki biyu ne a gaba, a samo sabon irin da za a dasa, sannan a yi shinge, don in kika yi dashe akuya na nan a ciki kafin gari ya waye ta sake cinyewa. Duk kuɗin nan da kika ji, a kan waɗannan biyun suke tafiya.

Maganar iri an yi nisa sosai. A shekarar 2000 wani likita James Shapiro a garin Edmonton na Kanada ya sanar cewa ya dasa wa mutum 7 ƙwayoyin da aka ciro daga waɗanda suka rasu suka bar wasiyyar a yi amfani da gaɓoɓinsu, duk bakwai ɗin suka daina allura a lokacin, sai dai da yawa daga cikin waɗanda aka yi wa irin wannan dashe bayan 'yan shekaru sun koma kan allura, kuma ina za a samu gaɓoɓin da za su ishi miliyoyin mutane? Shi ne wani malami a jami'ar Harvard, Doug Melton, wanda 'ya'yansa biyu duk suna da ciwon, ya juya akalar bincikensa kacokan ya koma kan wannan, har a 2014 shi da mutanensa suka fitar da hanyar da za a raini ƙwayoyin asali, waɗanda ke iya rikiɗa su zama kowane sashe na jiki, a ɗakin gwaji su zama masu yin insulin. Uba ne yake nema wa 'ya'yansa, shi ya sa labarin nan yake taɓa ni kullum. Kamfanin da ya kafa, a 2019 wani babban kamfanin magani Vertex ya saye shi kan dala miliyan 950. A 2021 aka fara gwadawa a jikin mutum, ana ɗura ƙwayoyin ta wata jijiya su je su zauna a hanta, sannan a watan Yuni na 2025 aka fitar da sakamako cewa cikin mutum 12 da aka ba cikakken adadi, 10 sun daina allura bayan shekara guda. Wannan ba ƙaramin abu ba ne wallahi.

Amma shingen fa? Nan ne gizo ke saƙar. Duk waɗannan mutanen sai sun riƙa shan magungunan danne garkuwar jiki, irin wanda masu dashen ƙoda ke sha, kuma wanda aka danne wa garkuwa ƙaramar cuta ma tana iya kayar da shi, ga wahalar da magungunan ke ba ƙoda. Shi ya sa manya aka zaɓa, waɗanda sugansu ke faɗuwa ba zato har su suma ba tare da sun ji alama ba, ba yara irin naki ba. Ki tuna inda muke, ga zazzaɓin sauro ga ruwan rijiya ga nisan asibiti, yaro a danne masa garkuwa a nan ai an fitar da shi daga rana an saka shi a wuta ne.

Ana ƙoƙarin shingen shi ma. A Uppsala ta ƙasar Suwidin an dasa wa wani mutum ƙwayoyin da aka yi wa gyara yadda garkuwa ba za ta gane su ba, a tsokar hannunsa aka saka, bai sha maganin danne garkuwa ba, kuma a 2025 aka sanar cewa ƙwayoyin sun rayu suna yin insulin, sai dai kaɗan aka saka masa don a gwada, bai ajiye allura ba. A ƙasar Sin kuma wata budurwa 'yar shekara 25 a birnin Tiyanjin an ɗebi ƙwayoyin jikinta aka juya su suka zama masu yin insulin aka mayar mata a ciki, wata biyu da rabi ta daina allura, an buga wannan a 2024, amma ita dama tana kan maganin danne garkuwa saboda an taɓa yi mata dashen hanta. Mutum ɗaya nan, mutum ɗaya can. To Maman yaro, ki ci gaba da allurar nan kada ki tsallake ko sau ɗaya, abin da ake nema shi ne yaron nan ya girma da idonsa da ƙodarsa lafiya ya riski wannan aikin.

Sai saƙo na biyu daga wani malamin firamare a ƙaramar hukumar Bichi, ya ce shi abin da yake so ya sani, wa ke biyan kuɗin binciken nan, kuma me ya sa ba a ɗauki kuɗin an saya wa talakawa insulin ba kawai.

Malam, tambayarka ta yi, kuma na daɗe ina juya ta a raina. Kuɗin daga wuri uku yake fitowa galibi. Akwai iyaye, a 1970 iyayen yara masu ciwon a Amurka suka kafa ƙungiya, an daɗe ana kiranta JDRF, a 2024 ta koma Breakthrough T1D, da tattaki da neman gudummawa da zuwa majalisa suna ƙorafi suka tara abin da suka tara. Akwai gwamnati, majalisar Amurka ta kafa wani asusu na musamman a 1997 wanda ya daɗe yana ba da dala miliyan 150 duk shekara don binciken wannan nau'in kaɗai, kuma ba a banza aka yi ba, iyayen nan ne suka hana 'yan majalisa sakat. Sai kamfanoni, su kuma ba sa shigowa sai sun ga abu ya fara nuna, sai su saye su ƙarasa, kuma su ba sadaka suke yi ba, za su fanshe kuɗinsu.

Ga misali ka gani. A watan Nuwamba na 2022 Amurka ta amince da wani magani Tzield, ana ɗura shi kwana 14 ga wanda gwaji ya nuna ciwon na tafe amma bai bayyana ba, yana jinkirta shi kamar shekara biyu. Kuɗinsa lokacin da ya fito kusan dala dubu 194 ne ga mutum ɗaya, kuma a 2023 kamfanin Sanofi ya sayi kamfanin da ya yi shi kan dala biliyan 2.9. Jinkirtawa kawai fa, ba warkarwa ba. To in wanda zai raba mutum da allura ya fito ka san ba za a sayar da shi kuɗin buhun gero ba.

Ni ban ce a daina binciken ba, ko kusa. Insulin ɗin da kansa bincike ne ya kawo shi, a 1921 Frederick Banting da Charles Best suka ciro shi a Toronto, a watan Janairu na 1922 aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14 da ke bakin mutuwa ya tashi, kafin nan duk yaron da ya kamu ƙarshensa kenan. Kuma masu gano shi dala ɗaya-ɗaya suka karɓa suka miƙa wa jami'a haƙƙin mallakarsa don kowa ya samu. Abin da ke ci min rai shi ne yau sama da shekara 100 amma uba a ƙauyenmu sai ya sayar da tunkiya kafin ya sayi kwalba, wani ya riƙa rage wa yaro allura don ta kai ƙarshen wata. Wannan ba aikin masu bincike ba ne Malam, namu ne, da kansiloli da 'yan majalisarmu da ma'aikatun lafiya. Iyayen can da suka haɗa kai ba su fi mu son 'ya'yansu ba. In iyaye ashirin a ƙaramar hukuma ɗaya suka san junansu suka rubuta sunayen yaransu suka je tare, maganarsu ba za ta zama ɗaya da ta mutum guda a bakin ƙofar ofis ba.

Wani bawan Allah daga Gumel ya ce an kawo musu wani gari a 'yar leda wai sitem sel ne, wato ƙwayoyin asalin nan da na ambata, ana zubawa a ƙarƙashin harshe yana gyara fankiriyas, har an ce wanda ya sha zai iya barin allura. Ɗan'uwa don girman Allah kada ka saya. Ƙwayoyin da nake magana masu rai ne, a ɗakin gwaji ake rainonsu, likitoci ke dasa su a asibiti, ba sa zama gari a leda. Asarar kuɗin ma da sauƙi, barin allurar ne abin tsoro. Na taɓa ganin wata yarinya a unguwarmu, kwana uku kacal da aka tsayar mata saboda irin wannan alkawari, ta fara amai da ciwon ciki, tana jan numfashi mai zurfi da sauri, bakinta na wani irin ƙamshi kamar na 'ya'yan itace da suka nuna suka wuce, a kan babur aka tafi da ita an ɗaure ta da zani a bayan yayanta. Allah ya yi da sauran kwana. Duk wanda ya ga waɗannan alamun asibiti kai tsaye, kada a tsaya jiƙa komai.

Wata kaka daga Sumaila ta ce jikanta alewa ce ta ja masa, ko kuwa jifa ne. Inna ba ɗaya daga ciki, ba laifin yaro ba ne ba na uwarsa ba, kuma ba a ɗauka a kwano ko a shimfiɗa. Addu'a a yi ta, allura ma a yi ta. Abin da za ki sa wa ido a sauran jikoki shi ne yawan fitsari har yaron da ya daina fitsarin kwance ya dawo yana yi, ƙishirwa ba ƙarewa, rama alhali yana ci, ko ki ga kiyashi sun yi dafifi inda ya yi fitsari. In kin ga haka a je a ɗan soki yatsa a auna, minti ɗaya ne.

Na ƙarshe, wani matashi daga wajen Birnin Kudu ya ce ƙanwarsa ce ke allura, ba su da wuta balle firij, kuma zafin bazara yana lalata musu insulin, ya za su yi. Yauwa ɗan'uwa, wannan amsarsa a gida take. Wanda ba a buɗe ba wurinsa firij ne, sanyin digiri 2 zuwa 8, kada ya daskare, don haka in akwai asibitin sha-ka-tafi ko kemis mai sola kusa da ku ku roƙi a ajiye muku, ku riƙa ɗauko kwalba ɗaya. Wadda aka buɗe tana yin kamar sati huɗu in ba ta sha zafi ba. Ka samu tukwanen ƙasa biyu, babba da ƙarama, ka saka ƙaramar a cikin babbar, ka cika tsakaninsu da yashi ka jiƙa shi sharkaf, ka saka kwalbar a 'yar roba mai murfi don kada ruwa ya taɓa ta ko rubutun jikinta ya goge, ka ajiye a cikin ƙaramar ka rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a inuwa inda iska ke kaɗawa, safe da yamma a ƙara wa yashin ruwa. Ruwan da ke bushewa shi ke janye zafin. Wannan dabarar wani malami ne ma a Jigawa ya yaɗa ta, marigayi Malam Mohammed Bah Abba da ya koyar a Dutse, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000, shi don tumatir da alayyafo ya yi, ga shi tana amfanar masu insulin. In ka ga ruwan kwalbar da ya saba zama garau ya yi duhu, ko ka ga gudaji a ciki, kada a yi mata da shi. Ka kuma rubuta ranar da aka buɗe a jikin robar.

Lokaci ya cim mana, akwai saƙonni uku a kan azumi da ciwon suga, na ajiye su sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku ci gaba da turo saƙonninku, a gaida yaran nan duka. Assalamu alaikum.