"-yo" daban, "-si-" daban: inda masu kallon fina-finan Koriya ke ruɗewa

Kwana biyun nan tambaya ɗaya ake ta turo mini. Yarinya a fim tana ba ƙawarta labarin kakarta, sai ta ce "gasyeo", babu "-yo" ɗin ladabi a ƙarshe. Wai ba rashin kunya ba ne? A'a. Ku gyara zama.

A harshen Koriya aikatau ne ke rufe jimla, kuma a wutsiyarsa ake rataye ladabi. Littattafan nahawu kan lissafa matakai bakwai, amma kada adadin ya firgita ku. Matakin da ake kira hasoseo sai a fina-finan sarakunan Joseon, tsohuwar daular Koriya, da addu'o'i. Hao da hage yawanci a bakin dattawa suka rage. Haera ta jarida ce da littafi. Waɗanda kunne ke ji kullum uku ne, ga su nan da kalmar tafiya. Ga. Gayo. Gamnida. Na farko banmal ke nan, wato maganar sakin jiki, na abokai da yara. Na tsakiya na kasuwa da baƙo. Na ƙarshe na mai karanta labarai da soja.

To, a nan za mu daɗe.

Duk ukun nan, wanda kake yi wa magana suke kallo, wato mai saurare. Akwai kuma wata 'yar gaɓa, "-si-", da ke shiga tsakiyar aikatau. Ita ba ruwanta da mai saurare. Wanda ake magana a kansa take girmamawa, ko da yana wani gari.

Mu ma ai muna yi. Ka ce wa ƙaninka, "Malam sun fita." Ƙanin ka girmama? Malam ka girmama, ƙanin yana nan a matsayinsa. Ni wannan ne ya sa na ƙaunaci harshen nan, don kunnen Bahaushe ya riga ya san hanyar.

Kalli waɗannan. Aboki na tafiya, kana gaya wa aboki: ga. Aboki na tafiya, kana gaya wa malami: gayo. Kaka na tafiya, kana gaya wa aboki: gasyeo. Kaka na tafiya, kana gaya wa malami: gaseyo. Dakata a kan na ukun. Shi ne na yarinyar nan. Ta saki jiki da ƙawarta, ta kuma ba kakarta haƙƙinta, duk a kalma ɗaya.

Shi ya sa "-seyo" ba ƙarin ladabi ba ne a kan "-yo". "-si-" ce ta narke a ciki. Idan mai koyo ya ce "jeoneun gaseyo" ("jeoneun" wato "ni") yana nufin shi kansa, to kansa ya naɗa wa rawani. Ba a yi wa kai "-si-".

Wasu aikatau ma canza su ake yi ɗungurungum: yaro na barci jada, kaka kuwa jumusida. Cin abinci meokda, na manya deusida.

Har 'yan ƙasar na zarcewa. A shagunan kofi na Seoul za ka ji ana cewa "keopi naosyeotseumnida", tamkar a ce "kofi sun fito". Tsoron ɓata wa mai saye rai ne ya jawo haka, kuma Cibiyar Harshen Koriya ta Ƙasa ta ce kuskure ne. Daidai shi ne "keopi nawatseumnida": "-mnida" ta mai saye ce, kofin kuwa ba a ba shi "-si-".